Mai Jijjiga Tagogin Mutane

Tun ranar da ɓarayi suka shiga gidan mai walda da rana tsaka, matarsa ba ta sake kwana a ciki ba. Tana ɗaki tana guga suka ɓalle tagar falo. Ta yi ihu har muryarta ta dushe, ba wanda ya leƙo. Ba su taɓa ta ba, talabijin da keken ɗinki suka ɗauka suka fice. Da yamma ta haɗa kayan yara ta koma gidan yayarta. Ta ce masa ba yaji ta yi ba, amma ƙafarta ba za ta sake taka gidan nan ba. Ya nemo musu unguwar da mace za ta iya wuni ita kaɗai, ranar da ya samu, ranar za ta dawo.

Yayar kuwa ta samu abin yi. Duk sanda ya je duba yara sai ta tare shi tun daga bakin ƙofa.

"Sannu da zuwa, mai tsare gidajen mutane. Rabin garin nan kai ka yi wa ƙarfen taga, taka tagar ka bar wa labule gadinta."

Yakan yi murmushi ya sunkuyar da kai. Gaskiya ta faɗa, kuma ba a musu da yayar mata.

Ana haka dillali ya nuna masa wani gida a wani layi da ke bayan makarantar firamare, ɗaki biyu da falo, da famfo a tsakar gida. Ya ce layin nan ko waya ka manta a kan dakali, gobe za ka tarar da ita an ma cika maka caji. Mai walda ya san bakin dillali, ko kango ya nuna maka sai ya yabi iskar wurin.

Abin da ya dame shi, bai san yadda ake gane unguwa mai lafiya ba. Kafintan da ke kusa da shagonsa ya ce ya nemi inda yake shiru. Mai faci ya ce ai a shiru ake kwashe mutum ba a ji ba, ya nemi inda ake hayaniya. Wani da ya kawo gyaran ƙofa ya ce ya duba ƙarfe, inda ya ga ƙarfe ko'ina to ya kwantar da hankalinsa. A nan kansa ya ƙara ɗaurewa, domin shi ya san ƙarfe, ya kuma san ba a kiransa sai an yi ɓarna. Gida mai sabon ƙarfe, ko an tsare shi ne, ko an riga an shiga. Layin da babu ƙarfe kuma, ko babu ɓarayi, ko babu abin sata, ko ba su iso ba tukuna.

Sai ya ce gani ya kori ji. Ya riƙa rufe shago yana zuwa layin shi kaɗai, wata rana da hantsi, wata rana bayan azahar. Da kayan aikinsa yake zuwa, riga duk ƙunar tartsatsi, da baƙin gilashin da idonsa ya saba da shi. Babur ɗinsa yakan ajiye shi can nesa a bayan makaranta, don kada dillali ya ji labari ya ɗauka ya matsu.

Hannun mai sana'a ba ya zama lafiya. In ya wuce taga sai ya kama ƙarfen ya ɗan jijjiga, ya ji ko an kafa shi cikin bulo ko a siminti kawai aka liƙa. In ya zo ƙofar ƙarfe sai ya ƙwanƙwasa ta da makullin babur, ya kara kunne ya ji kaurinta. Ya zagaya bayan gidajen, ya taka wani bulo ya leƙa ya ga tsawon katanga. Wasu ƙarafan sabbi ne, wasu duk tsatsa, wasu tagogin babu komai. Ya rasa wanne zai ɗauka a ciki.

Ya tsaya wurin mai shagon da ke tsakiyar layin ya sayi ruwa.

"Malam, don Allah, mazan layin nan suna wuni a gida?"

"Wasu suna wuni."

"Akwai gidajen da ba kowa da rana?"

Mai shago ya dube shi, ya ci gaba da jera sabulu. "Ban ƙirga ba."

"Mai gadi fa, kuna da shi? Ko karnuka?"

"Wa kake nema ne?"

"Ba kowa. Tambaya ce kawai."

Ya tafi yana cewa a ransa mutanen layin ba su da sakin fuska. Wannan ma bai san ko alama ce mai kyau ko mummuna ba. Amma dai duk zuwan da ya yi bai ga wani abin tsoro ba. Yara na buga ƙwallo, shanya na kan igiya a waje ba mai tsaronta. Ya gaji da kwana shi kaɗai a gidan da ko cokali ya faɗi sai ya ji amsa kuwwa. Ya ce wa matar ta zo ta gani da idonta.

Ranar hutu ya yi wanka ya sa fararen kaya, suka ɗauki tasi, shi da matarsa da Yaya, wadda ta ce ba za a kai ƙanwarta ko'ina ba sai ta duba.

A bakin layin tasi ta tsaya, don babu hanya. An gitta wani dogon katako a kan duro biyu. Gefe guda wani dattijo na zaune a kujerar roba da sanda a kan cinya. Mai walda ya tabbata bai taɓa ganin katakon nan ba. Suka gaisa, ya faɗi gidan da suka zo dubawa. Dattijon ya ce shi tsohon direba ne, gidansa ne na farko, ya nuna wa matan gidan da ke jikin wanda za su kama ya ce su shiga su gaisa da matar gidan. Suka wuce, mai walda ya tsaya.

"Baba, wannan katakon fa? Lafiya?"

"Da lafiya da ba ka gan ni a rana ba, ɗana. Tun gashina na baƙi nake layin nan, ko bokiti ba a taɓa ɗauka ba. Kwanan nan ne aka fara turo mana ɗan leƙen asiri."

Mai walda ya sake duban katakon. An gudu ke nan ba a tsira ba.

"Ɓarayi?"

"To me za ka kira wanda yake tambayar wane gida ne ba kowa da rana? Yana zuwa a kan babur, ya ɓoye shi can, ya shigo da ƙafa."

Mai walda ya girgiza kai cikin takaici. Ga shi ya yi ta sintiri a layin nan, ashe akwai wani mugu yana zagaye, shi bai ko lura ba. Wane irin ido ne da shi? Har tambayarsu ta zo ɗaya da ta mutumin, abin ya ba shi haushi.

"Allah ya tona asirinsa," in ji shi. "Wane iri ne?"

"Wani dogo, ya rufe ido da baƙin gilashi. Ya bi tagogi yana jijjigawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙofata ma ya zo ya ƙwanƙwasa da makulli, ya kara kunne kamar likita. Ina ciki ina kallonsa ta kafa. Kifi na ganinka, mai jar koma."

Mai walda ya dubi ƙofar gidan farko. Ya tuna ta. Ƙarfen ba kauri, an cika masa fenti.

Sai ga matan sun fito da sauri, maƙwabciyar na biye da su da jariri a kafaɗa. Fuskar matarsa ta koma irin ta ranar da ɓarayi suka shiga gidansu.

"Baban yara, mu tafi."

"Ki tsaya ki ji."

"Na ji. Su uku ne, an ce, har da abin yanka ƙarfe."

"Wannan ne layin da ka yi ta bincike?" in ji Yaya. "Ka fito da ita daga bakin kura ka kawo ta gidan 'ya'yanta."

Ya dubi dattijon da sandarsa, ya dubi Yaya. In ya yi shiru, zai tsira da mutuncinsa, ya koma neman wani layin, ita kuma ta koma inda ta fito. Matar har ta juya tana neman tasi.

"Ni ne," ya ce.

Ba wanda ya gane.

"Mutumin nan. Mai gilashin. Ni ne, Baba. Walda nake yi. Na zo duba ko layin na da lafiya ne."

Dattijon ya kare shi da kallo daga hula har takalmi. "A'a. Wancan ya fi ka tsawo."

"Wallahi ni ne."

"Ɗana, in don a ba ka gidan ne, ba sai ka ɗauki laifin wani ba. Wancan da ganinsa ka ga mara gaskiya. Kai kuwa ga ka da iyali."

Haka mai walda ya tsinci kansa a tsakiyar titi yana rantsuwa cewa shi ne wanda ake zargi, ana ƙaryata shi. Ya faɗi inda yake ajiye babur. Ya faɗi gidan da ƙarfen tagarsa ke girgiɗi. Aka aika aka kira mai shago. Ya zo yana goge hannu, ya dube shi, ya karkata kai.

"Ce, akwai gidajen da ba kowa da rana."

Mai walda ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa.

"Shi ne," in ji mai shago. "Bawan Allah, ka san na rufe shago da wuri sau nawa saboda kai?"

Yaya ta dafa duro tana dariya har da hawaye. "Ɓarayi sun shiga gidanka ba ka kama ko ɗaya ba. Yau da ka tashi kamu, ka kama kanka."

"To sauran biyun fa?" in ji maƙwabciyar.

"Ni kaɗai nake zuwa."

"Wanda aka gani a bayan gidan tela da safe fa, ranar da aka yi ruwa?"

Ya yi tunani. Ya zo da safe, ya kuma zagaya baya. Amma ranar ruwa ce? Ya kasa tunawa. Wataƙila shi ne, wataƙila wani ne daban, wataƙila ba kowa. Dattijon ya tambayi mai shago ko a ɗauke katakon, mai shago ya ce shi bai sani ba, a bari tukuna. Mai walda na tsaye, ya rasa ko layi mai lafiya ya samo, ko layi mai lafiya ya ɓata.

Matarsa ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta matsa kusa da maƙwabciyar.

"Maman jariri, ke da idonki kika gan shi?"

"Lokacin da ya taka bulo yana leƙen katanga. Ina wanke-wanke. Na buga wa matar tela waya, ita ta kira mai shago. Kafin ya sauko mu huɗu ne a tagogi, Baba kuma ya fito da sanda, sai dai mutumin ya riga ya sha kwana."

"Ba ihu kika yi ba?"

"Ihun me? Ai bai kai ga ihu ba."

Matar ta dubi layin daga wannan kai zuwa wancan. Labule na motsi a tagogi biyu, wata mata ta fito ƙofa da tsintsiya a hannu ba ta share komai, su kawai take kallo.

"Famfon gidan yana kawo ruwa kullum?" ta tambaya.

"Da safe dai yana kawowa."

Ta gyara mayafinta, ta juyo wurin mijinta.

"Je ka ce wa dillali ya kawo makulli in ga ɗakunan. Ka bi ta tsakiyar titi, Baban yara. Kar ka taɓa ƙofar kowa."