Igiyar Mai Guga

Ni magini ne, ko da yake gwiwa ta hana ni hawa tsani yanzu. A layinmu in na yi magana ba na maimaitawa. Jikana ne kaɗai ke sa ni maimaici. Barkono ake ce masa. Ɗan 'yata ne, ubansa ya rasu, a hannuna yake. Tun da muryarsa ta fara buɗewa kansa ke hayaƙi.

A ƙarshen layi akwai Mai Guga, mai goge wa mutane tufafi. Kurma ne tun haihuwa. Teburinsa na jikin taga, in yana aiki ƙofa na bayansa. Sai ya ɗaura igiya daga bakin ƙofa zuwa saman teburin, da jan ƙyalle a ƙarshenta. Ka ja igiya, ƙyalle ya motsa a gabansa, ya juyo. Kowa ya san wannan.

Yara ma sun sani. Su ja, su gudu. Ran nan Barkono ya fizge ta da ƙarfi, ƙusa ta fita, igiya ta faɗo wa mutumin a fuska. Ya razana, dutsen guga ya kife, garwashi ya zubo masa a ƙafa.

Na ce wa uwarsa ta haɗa masa kaya, zai koma gidan baffansa, can nesa. Ta yi kuka. Kakarsa ta daina gaishe ni. Tela maƙwabcina ya zo ya ce yaron layi na kowa ne, a zauna tukuna. Na yarda. Na ce abin da Mai Guga ya zaɓa shi za a yi, ko da kora ce.

Muka zauna a rumfar tela da yamma: ni, tela, direba, mai shago. Mai Guga ya zo yana ɗingishi, ƙafa a naɗe. Barkono na tsugune a gefe.

Nan muka gane ba mu san yadda za mu tambaye shi ba. Ƙanwarsa da ke fassara masa ta yi aure ta bar layin. Direba ya matsa kusa da kunnensa yana ihu, kamar ihu magani ne. Mai shago ya ce ai abin a fili yake, kowa ya ga ƙafar. Muka ci gaba da shari'a a tsakaninmu, mai ƙafar yana bin bakunanmu da ido.

Can ya bugi benci. Ya nuna Barkono, hannuwansa suka shiga aiki da sauri. Direba ya ce bulala yake nufi. Mai shago ya ce a'a, kora.

"Ba haka ya ce ba," in ji Barkono.

Na ce ya rufe mini baki. Tela ya ce, "Baba Magini, in kai ka ji, faɗa mana." Ban ji ba.

Yaron ya miƙe, ido a kan hannun mutumin. Ya ce Mai Guga ya ce shi Barkono ne ya fizge igiyar, kuma ba ranar ya fara ba. Ya ce ya daɗe yana tsayawa a bayansa yana kwaikwayon hannunsa don abokai su yi dariya, Mai Guga kuwa yana kallonsa a gilashin taga. Duk wannan da bakinsa ya faɗa, bai rage komai ba.

Sai ya tsaya. Tela ya ce ya ƙarasa.

"Ya ce da farko ban iya ba, kamar kaza na iyo. Yanzu na fi ƙanwarsa."

Direba ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Hannuwan suka ci gaba, a hankali yanzu. Barkono ya ce mutumin ya ce ya tsufa a layin nan, ba wanda ya taɓa ce masa komai sai ga riga, yaushe zan karɓa. An yi taron gyaran kwata ba a gaya masa ba. Matar mai shago ta rasu, sai da ya ga tabarmi a waje ya sani. Mai shago ya sunkuyar da kai.

"Ya ce in aka kore ni, da wa zai yi faɗa?"

Na ce ƙarya ce, yaro na neman wa kansa hanya. Na tashi na tsaya gaban Mai Guga. Na nuna Barkono, na nuna titi, na kaɗa hannu: ya tafi. Ya kama wuyan hannuna ya sauke shi ƙasa. Hannun mai guga da ƙarfi. Ya girgiza kai. Wannan ban nemi fassara ba.

Hukuncin Mai Guga ne ya yanke. In an tashi makaranta Barkono zai ɗauko gawayi, ya hura wuta, ya kai wa mutane kaya har ƙafar ta warke. Tela ya ƙara da cewa duk zaman da za a yi a layi, a kira Mai Guga, yaron ya zauna kusa da shi. Ni na ce igiyar a bar mini. Washegari na kafa ta da ƙugiya a cikin siminti. Ko jaki ba zai fizge ta ba.

Ƙafa ta warke tuni. Yaron bai daina zuwa ba. Har yanzu yana da baki, amma ya rage yawo.

Rannan ina wucewa na ga Mai Guga ya haɗe gira, ya dunƙule hannu ya ɗora a kan ɗaya kamar mai jera bulo. Barkono ya ƙyalƙyale. Na tambaye shi mene ne. Ya ce, "Sunanka ne, Tsoho."

Na ce ba haka nake haɗe gira ba. Na nuna musu yadda ake yi.