Ranar da Kwamfutar Lailatu Ta Daina Magana

Shekara shida Lailatu tana shigar da sunayen manoma a ofishin wata ƙungiya a Kazaure. Makauniya ce, amma akwai manhajar da ke karanto mata abin da ke kan allo ta lasifikar kunne. Sunayen mutanen Roni, Gwiwa da Babura duk ta hannunta suke bi, kuma ba a taɓa dawo mata da aiki ba.

Babbar manhajar kwamfutocin ofishin ba a cika taɓa ta ba, shekara da shekaru tana nan yadda take, har Lailatu ta haddace ko'ina. Ran wata Litinin ta buɗe burauza, manhajar shiga intanet, ta shiga shafin rajista. Muryar ta ce "maɓalli", ta sake cewa "maɓalli", sai ta yi shiru.

Ta lalubi bango har teburin Musaddiƙ, mai kula da kwamfutocin.

"Malam Musaddiƙ, an taɓa min na'ura ne?"

"Burauza na sabunta miki. Sabuwa ce fil."

"Ba ta jituwa da mai karanto min. Don Allah a mayar min da ta da, kafin masu manhajar su fitar da gyara."

"Tsohuwa ba ta da tsaro," in ji shi, yana tauna gyaɗa.

Sama'ilu direba ya leƙa allon Musaddiƙ ya ce, "Ai kai ma taka ta da ce." Musaddiƙ ya yi dariya kawai.

Kwana tara tana fama, layin manoma yana kaiwa bakin titi. Shugaban ofis, Alhaji Maikasuwa, ya kira ta.

"Ranka ya daɗe, aikin minti goma ne a mayar min da tsohuwar burauzar," in ji ta.

"Musaddiƙ ya ce ba ya yiwuwa. Ke kin fi shi sani ne?"

Aka ba Mu'minat, ƙanwar matar Musaddiƙ, kujerarta. Ita kuma Lailatu aka ajiye ta a benci a bakin ƙofa, tana ce wa mutane su bi layi. Da gyaran ya fito ta koma wurin Alhaji da murnarta. Ya ce ai kujera ta yi mai ita.

Ƙarshen wata Musaddiƙ ya zo ya danƙa mata takarda a hannu.

"Ta mece ce?"

"Ki nemi mai ido ya karanta miki."

Wani dattijo daga Gwiwa ne ya karanta mata, a hankali, yana inda-inda. Da ya kai wurin sallama daga aiki ya tsaya, ya ce, "Yarinya, in ci gaba?"

Ta ce ya ci gaba. Ya karanta har sa hannun.