Injin Zaidu da Man Galan

Motar Zaidu a-kori-kura ce, tsohuwa, da ita yake kwaso ɗanyen kifi daga bakin ruwa a Wara ya kawo kasuwar Yelwa. Yawancin kayan na Hajiya Mansura ne, dillaliyar kifi. Ita ta faɗa masa, ba da faɗa ba, cewa 'yan sarin Kwantagora sun fara watsewa kafin ya iso, ga motar wani direba, Basiru, kullum tana riga shi. In aka ci gaba haka, to can za ta mayar da kayanta.

Dama injin ya gaji, sai ya kai wa Magaji bakanike. Magaji ya samo masa wani injin mai tobo, ya zaunar da shi a kan benci ya yi masa bayani. Abu biyu ne, in ji shi. Akwai matsi, wato yadda fistin ke matse mai da iska kafin wuta ta kama. Akwai kuma tobo, mai hura wa injin ƙarin iska. In aka sa siririn gaskit, faifan da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, matsi ya ƙaru, aka kuma ɗaure tobon, Basiru sai dai ya hango bayansa. Zaidu ya ce a yi hakan.

Da safe suka zuba man gidan mai, suka hau kwalta. Mota ta tafi kamar ba ita ba. Magaji na ta dariya yana dukan kafaɗar Zaidu, shi ma ya yi murmushi. Amma da suka tsaya, sai ya daɗe yana kallon bayan motar, wayam ba komai. Shi dai tunda yake, bai taɓa tuƙa ta haka ba. Kullum da lodi, kuma man da yake dawowa da shi na galan ne, wanda ake sayarwa a bakin hanya.

"Oga, mu gwada ta yadda take rayuwa," ya ce wa Magaji.

Washegari suka je Wara. Suka cika durom-durom da ruwan tafki maimakon kifi, suka zuba man galan, rana ta take. Suna fara hawa daga gaɓa, Zaidu ya taka totur, sai wata 'yar ƙara ta taso, kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani. Magaji ya daina dariya. Ya ce man ne ke kamawa tun lokacinsa bai yi ba, saboda matsi da zafi sun yi masa yawa, kuma in aka daɗe a haka fistin zai huje. Amma akwai dabara, ya riƙa ɗauko mai mai kyau daga Yelwa a jarka, ya ajiye a baya.

Zaidu ya dubi bayan motar. A baya ai nan kifi yake. Jarka ko ta fi kowace rufuwa sai ta yi numfashi, kifin da ya ji warin fetur kuwa ko kyauta ba mai karɓa.

"A sa gaskit mai kauri," ya ce a hankali. "Tobon ma a sassauta shi."

Magaji ya ce to ya sani fa, ba zai kamo Basiru ba. Zaidu ya ce ya sani.

Da kansa ya je ya gaya wa Hajiya Mansura, bai ɓoye komai ba. Motar ta fi da ƙarfi, zai kuma daina tsayawa shan shayi a hanya, amma gaban Basiru ba zai shiga ba. Tana wanke bahon kifi take saurarensa, ba ta ɗago ba sai da ta gama.

"Karfasa ba ta jira, ɗana, ita Basiru zai ɗauka," ta ce. "Tarwaɗa kuwa da ranta take zuwa. Wagga taka ce."

Rabin lodi ke nan. Ya yi godiya.

Ranar kasuwa, bai yi nisa da Wara ba Basiru ya wuce shi yana danna ham. Zaidu ya ɗaga masa hannu. Da ya zo hawa sai ya sauke gilashi ya kasa kunne. Babu tsakuwa a gwangwani, sai tarwaɗa da ke ta motsi cikin ruwa a bayansa.