Tabarmar Faransa

Duk bikin da za a yi a Marankulu, kafin in kafa ƙafafun kyamarata sai na tambayi inda za a shimfiɗa tabarmar Faransa. A bayana ake shimfiɗa ta, inda idon kyamara ba ya kaiwa, kuma a shekarun da nake magana mutum biyar ne ke zama a kanta. Dukkansu dattawa ne da suka ƙarar da ƙarfinsu a Paris, wani a shara, wani a gini, wani a wankin kwanuka, kuma dukkansu a takarda suna can har yanzu. Gwamnatin can tana ba su kuɗin nakasa ko na tsufa bisa sharaɗin mutum ya zauna a ƙasar. In ya yi nisa fiye da 'yan watanni sai a yanke, wani lokaci ma a ce ya dawo da abin da ya ci. To ga su nan a garinsu suna cin futo, dambun garinmu, da miyar ganye daga hannun matansu, amma ba sa nan. Aikina shi ne in ɗauki biki na awa huɗu, kowace akuya ta fito, su kuwa kada su fito.

Kaset ɗin kuwa Paris ake kai shi, tunda mutanenmu na can ne ke biyan kuɗin bikin da ladan aikina. Ranar Lahadi a sa shi a ɗakin cin abinci na fuwaye, gidan da ma'aikatanmu ke kwana uku-uku a ɗaki, mutum ɗari suna kallo, ga kwanan wata ɓaro-ɓaro a gefen hoton. Na sha roƙo a bar ni in kashe kwanan watan suka ƙi, wai da shi suke gane ba tsohon biki aka sake sayar musu ba. Mutanenmu ke nan.

Ni dai ban taɓa yarda akwai Baturen da zai zauna awa huɗu yana kallon matanmu suna ɗaga zannuwan amarya ɗaya bayan ɗaya ba. Amma bara waccan an yanke wa wani ɗan tabarmar, Silli Marega, kuɗinsa, aka ce wanda suke rigima da shi a kan gadon kwana a fuwaye ne ya kai kaset ɗin bikin sunan jikansa ofis. Ko gaskiya ne ko ƙarya, Silli ya koma Paris yana tari, yana can har yau yana cika takardu. Daga nan tabarmar ta ƙara ja da baya taku uku.

Wakari Nyakate ɗan gwaggona ne, wato taubashina, kuma duk 'yan tabarmar babu wanda ya kai shi tsoro. Shekara talatin da ɗaya ya yi a can. Wani falalen siminti ne ya zame daga igiya a wurin gini ya daka masa ƙugu, aka yi masa aiki sau uku, ya fito da sandar ƙarfe da ƙafa ɗaya gajera. Kuɗin nakasar nan su ne hatsin gida mai mutum goma sha huɗu, su ne kuma maganin ciwon da ke hana shi kwanciya ta gefe ɗaya. Yana da gado a fuwaye da sunansa a akwatin wasiƙa, ɗan wansa ke buɗewa, shi kuwa sau ɗaya a shekara yake leƙawa ya nuna fuska ya gudo. Yakan ce sanyi ne ya koro shi. Ni na san Dalla matarsa ce ta ce ta gaji da auren murya a waya.

Mutumin nan bai san zama ba. In mota ta tsaya a bakin kasuwa sai ya san wanda ya sauko. In baƙo ya ɗaga wayar hannu kusa da shi sai ya juya ƙeya ya kama gyaran takalmi. Ina kiransa Musiye, irin kiran Faransawa, yana kirana Mai-ido-ɗaya, don kullum yana ganina da ido ɗaya a runtse, ɗaya a kyamara.

Sai auren Hatuma ya taso, 'yar autarsa. Wani ɗan kasuwa ta zaɓa, ɗan garinmu mazaunin Libarbil a Gabon, kuma sati guda bayan biki za ta bi shi, wa ya san ranar dawowa. Da kanta ta zo shagona ta ce in ware mata kaset nata daban, mai kyau, ba irin wanda nake ba kowa ba, mai ruwa-ruwa. Na ce mata duk danginsu haka suke, raini a jininsu yake.

Ranar Litinin da la'asar aka zo fito da amarya. A al'adarmu uba ba ya kusantar wurin, baffanni ke miƙa ta, don haka ban sa Wakari a lissafi ba. Yana dai bayana yana ta ƙwanƙwasa ƙafar kyamarata da sandarsa, hoton yana rawa, har na juya na ce in bai bari ba zan juyo da ita kansa. Ya bari. Mata suka fito da Hatuma a lulluɓe da farin mayafi, maroƙa sun buɗe lasifika har ƙarshe. Sai na ji ƙwas, ƙwas, sandar Wakari, ta hannun haguna. 'Yan tabarma suna kiransa ƙasa-ƙasa, bai ko waiga ba. Ya ratsa mata, ya je ya ɗora hannu a kan 'yarsa, ya sunkuya ya faɗa mata wani abu, ita kuma ta kama hannunsa ta cikin mayafin. Mata suka ɗauki guɗa. Abin bai fi minti biyu ba. Da ya juyo yana gumi, idonsa ya faɗa kan jan fitilar kyamara, na ga hankalinsa ya dawo jikinsa a lokaci guda.

Washegari da sassafe na sa kaset ɗin a shago in ga irin ɓarnar da aka yi. Babu Wakari a ciki. Shekara goma sha biyar ina koya wa hannun nan nawa cewa in ɗan tabarma ya shigo ta hagu ya kauce dama, ashe ya koya har ya daina neman izinina. Ni kaina ban san na kauce ba, don idona na hagu yana buɗe ina kallonsa kamar kowa. Na yi dariya ni kaɗai, na yaba wa kaina, na ce yau na fitar da gidan gwaggona daga yunwa.

Ban gama dariyar ba ya turo ƙofa, ko sallama babu.

"Mai-ido-ɗaya, na fito?"

Nan shaiɗanin taubasantaka ya hau ni. Tun muna yara mutumin nan yake cin zalina, ya taɓa sa ni na kwana biyu ina neman jakin da ya ɓoye a gidansu.

"Ka fito tas, Musiye," na ce. "Har furfurar kunnenka ana ƙirgawa."

Ya zauna a benci, ya miƙe, ya sake zama. Ya ce in yanke wurin. Na ce in na yanke da amaryar zai tafi, kuma fitowar amarya ita ce bikin. Ya tambayi yaushe kaset zai tafi, na ce mai kai shi Paris ranar Asabar zai kama hanyar Bamako. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Kafin azahar ya dawo sau biyu. Farko ya ce in yanke ko da amaryar ce. Na biyu ya ce in dakata tukuna. Da la'asar ya zo da dabara, wai in yi wa Hatuma nata cikakke, na Paris in yanke. Bai rufe baki ba shi da kansa ya rushe ta, don ya fi ni sanin kaset ba ya zama gida ɗaya. Wanda ya je Libarbil kafin wata biyu an kwafa shi, wani ya saka a jaka, ya isa fuwaye. Na ce ko zai kalla ya gani da idonsa, da niyyar in ƙyale shi haka, ya ce Allah ya kiyaye, ba ya son ganin abin da zai kashe shi.

Laraba ma haka. Ya je wajen 'yan tabarma suka yi masa ca, ɗaya ya ce ya jawo musu ido su duka. Ya je shagon waya ya kira ɗan wansa ya tambaya ko wata wasiƙa ta zo, kamar kaset ɗin ya yi fiffike ya riga mai kai shi. Daga nan ya zaga garin nan da ƙafa ɗaya da rabi, daga masallaci zuwa rijiya zuwa ƙofar shagona, ya tsaya ya leƙa ya wuce. Ina jin ƙarar sandar tun daga lungu, ina ƙunshe dariya.

Ranar Alhamis Dalla ta zo. Ta ce kwana uku mijinta bai ci abincin kirki ba, in yanke abin nan kowa ya huta, ba hoto za su dafa ba. Wallahi na buɗe baki zan gaya mata gaskiya, sai ta ƙara da cewa dama ni ban taɓa yin aiki mai amfani ba, ƙato da ni ina bin mata da akwati a kafaɗa. Ni kuwa ba a yi mini haka. Na haɗiye gaskiyar na ce sai mai gida ya yanke shawara. A raina na ce gobe bayan sallar Juma'a zan yi masa albishir, kuma sai ya ba ni zakara tukuici.

Da aka sauko daga masallaci ya riga ni zuwa shago. Ya yi aski, ya sa babbar riga shuɗiya wadda ban taɓa ganinsa da ita ba. Ya zauna a benci ya jingine sandar a bango, ya miƙe ƙafa, kuma a karon farko tun dawowarsa na ga ya zauna kamar mai niyyar daɗewa. Ya ce jiya da yamma Hatuma ta zo sallama da kayanta. Ta ce masa duk kayan da aka haɗa mata babu abin da ya kai minti biyun nan, in ta haihu a can za ta riƙa nuna wa yaran kakansu.

"Kada ka yanke komai, Banjugu," ya ce. Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. "Yarana tara. Sunansu, saukar karatunsu, auren manyan, duk a kujerar roba na gan su a fuwaye. Ba ni ciki, don ina can. Na dawo gida, har yanzu ba ni ciki, don wai ina can. In sun yanke kuɗin su yanke, in koma in kwanta musu a gadon nan har su gaji da ganina. Na gaya wa Dalla, ta yi kukanta ta gama. Yarinyar nan dai za ta tafi da ubanta."

Na rasa inda zan sa idona. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na ji babbar rigar jikina ta yi mini nauyi.

"Sa mini in gani," ya ce yana murmushi. "Ban taɓa ganin yadda nake tafiya ba. An ce kamar agwagwa."

Na ce masa akwai magana. Ya ce in bar maganar sai an gama kallo. Na sake cewa akwai magana, ya ce in dai ƙarin kuɗi ne ba zan samu ba. Sai na haɗa batir, na tura kaset, na kai shi wurin.

Ga Hatuma a farin mayafi, ga mata. Bakin sandar ƙarfe ya leƙo ta gefen hagu, taku ɗaya, sai hoton ya zame dama a hankali, sumul, irin zamewar da nake alfahari da ita. Ga bangon gidan. Ga tulin kwanonin amarya. Ga wata tsohuwa ta dafe ƙirji tana kallon wani abu a hagu tana share ido da bakin zane. Lasifikar maroƙa ta cinye kowace murya. Aka ji guɗa, tsohuwar ta yi murmushi, sannan hoton ya dawo kan amarya ita kaɗai, hannunta a ɗage cikin mayafi bai kama komai ba.

Na gaya masa duka, har da ƙaryar da na yi masa ranar Talata. Na jira ya zage ni, da ya zage ni da na ji sauƙi.

"Mayar baya," ya ce.

Na mayar. Muka sake kallon bango da kwanoni da tsohuwa. A karo na uku ya karkata jikinsa gefe a kan ƙugun nan mai ciwo, yana leƙen bakin talabijin ɗin kamar zai hango abin da ke bayan ƙyaure.

"A ina nake a nan?"

Na ɗaga yatsa na nuna iska, kamar taƙi guda daga gefen akwatin. Ya daɗe yana kallon yatsan.

"To, kuɗina sun tsira," ya ce. "Mayar baya."