Ƙyauren Gidanmu

Ranar da aka ce za a rushe layinmu a sake gina shi "daidai yadda yake", dariya na yi, don in ban yi dariya ba zagi zan yi. Gidajen da kakanninmu suka gina za a kwashe, a zuba na siminti, a shafa musu launin tsufa domin baƙi su zo su ɗauki hoto. Mu kuwa an ba mu ɗakuna a wani bene can bayan gari.

Ban yi faɗa a kan bango ba, na san ba zan ci ba. Ƙyauren gidanmu na ce sai na tafi da shi. Na katako ne mai nauyi, kuma tun muna yara yake cijewa. Marigayi Baba sai ya dafa wuri guda da tafin hannu ya tura kafin ya buɗe, har wurin ya lotsa ya yi santsi. Tun da idon Inna ya tafi, kullum da safe sai ta lallaba ta ɗora hannunta a nan. Ba ta taɓa faɗin dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Abin haushin, Autanmu kafinta ne, kuma shi kamfanin da ke aikin ya ɗauka ya tsufar da sababbin ƙyamare. Ya jibge su da sarƙa, ya babbaka gefensu, ya goga musu baƙin mai.

"Yaya, ki bar wahalar da kanki," in ji shi. "An ce tsofaffin duk ƙonawa za a yi, wai gara ta ci su. Kuma ina zai shiga a bene? Na yi irinsa sak, a nan za a kafa. Duk ranar da Inna ta so sai mu kawo ta."

"Gara ta ci kanka," na ce.

Bai ji ba, sai da ya ja Inna zuwa shagonsa. Gaskiya yaron ya iya aiki, ni kaina da kyar na bambanta shi da namu. Har lotsawar ya fafe. Inna ta shafa, ta daɗe tana shafawa.

"Allah ya yi maka albarka, Auta, ya yi kyau," ta ce. "Mu je gida."

Ta miƙo min hannu, na ja ta muka tafi.

Da safe na ɗauki guduma na tsaya a bakin ƙofa, motar rusau tana gurnani a gidan maƙwabta. Na fara dukan ƙusoshin kamar mahaukaciya, ban ma san ta inda ake cirewa ba. Sai na ji an riƙe min hannu.

"Za ki tsaga shi, Yaya. Kawo."

Auta ne, idonsa jawur. Shi ya cire, muka kai shi bayan gari a mota, mu biyu muka hau da shi bene, ina haki ina yi masa masifa a kowace kwana. Ya yi gaskiya, babu ƙofar da ya shiga. Muka jingine shi da bangon ɗakin Inna.

Washegari na gan ta ta lallaba, ta sami wurin, ta ɗora hannu ta tura. Bango ne a bayansa, ko motsi bai yi ba.

Ta yi murmushi ta ce, "Har yanzu yana cijewa."