Takardun da Suka Fi Nauyi

Su uku ne a gidan. Baba yana aiki a ofishin hanyoyi, shi ke tara rahotannin haɗarin mota. Mama ma'aikaciyar jinya ce. Sai 'yarsu mai shekara tara, wadda suke kira Auta ko da yake ita kaɗai ce. Ba su rasa ci da sha ba. Abin da suka daɗe ba su da shi shi ne kwanciyar hankali da safe, saboda tsakanin gidansu da makarantar Auta akwai wata mararraba da motoci ke ratsawa a guje.

Bara aka gina shataletale a wurin, bisa shawarar Baba. Motoci suka koyi rage gudu, aka fara barin Auta ta tafi makaranta da ƙawayenta ba tare da Mama ta riƙe mata hannu ba.

Ranar Asabar da hantsi Auta ta tarar da Baba a teburin cin abinci, da tarin takardu biyu a gabansa, shayinsa ya huce.

"Malam, wannan ƙirga ta nawa ce?" in ji Mama.

"Ta huɗu. Kafin shataletale, haɗari sha huɗu a shekara. Bayansa, sha tara." Ya nuna mata fom ɗin ofis, mai gurbi ɗaya tak na rubuta adadi. "Direbobin manyan motoci sun ishi Oga da ƙorafi. Ya ce in lamba ta hau, ranar Litinin zai sa hannu a rushe shataletalen."

Auta ta matso tana saurare. In an rushe, an koma riƙon hannu ke nan, ko ma a sauya mata makaranta.

"Ke Auta, kwashe takardun nan zan goge tebur," in ji Mama. "Kada ki haɗa su, babanki ya ce mun ɓata masa lissafi."

Ta ɗauki sabon tarin da hannu ɗaya. Da ta zo kan tsohon, sai da ta sa hannu biyu.

"Baba, ka ce waɗannan sha huɗu ne?"

"Sha huɗu, uwata."

"To me ya sa suka fi sha tara nauyi?"

Baba ya jawo tsohon tarin. Kusan kowane rahoto an maƙala masa takardun asibiti a baya. Ya ƙirga, sha ɗaya. A kan biyu daga ciki, na waɗanda suka rasu, ya kife hannunsa da sauri, kada Auta ta karanta. Sannan ya bi sababbin ɗaya bayan ɗaya: fitila ta fashe, madubi ya karye, fenti ya goge. Ɗaya ne kawai ke da takardar asibiti.

Mama ta leƙa. "Af, mai babur ɗin nan! Ni na wanke masa gwiwa. Yana ta ihu kamar za a cire ƙafar, ƙarshe da ƙafarsa ya fita yana neman takalminsa."

Baba ya yi dariya har ya share ido. "Shekara goma sha biyu ina cike gurbin nan, ban taɓa ɗaga takardun na ji nauyinsu ba." Ya ɗauki biro da rula, ya ja sabon gurbi a ƙasan fom ɗin, ya rubuta: waɗanda aka kai asibiti.

Ranar Litinin Auta ta kasa zama a ɗaki, tana bakin ƙofa har ya dawo.

"Oga ya ce wa ya ba ni izinin zane a fom ɗin hukuma," in ji Baba yana cire takalmi. "Na ɗora masa tarin biyu a hannu. Ya daɗe yana juya su. Yanzu ya ce a buga sabon fom da gurbin nan."

"Shataletalen fa?"

"Yana nan. Ki shirya jakarki."

Washegari Auta ta tsaya a mararrabar da ƙawayenta, wata mota ta rage gudu ta ba su hanya. Ta gane cewa motoci suna gogar juna fiye da da, amma mutane suna komawa gida da ƙafafunsu.