Motar Baba da Hancinta

Mijina bakanike ne, ni kuma ina da ɗan shagon kayan gyara a bakin garejinsu. Duk abin da aka faɗa a garejin nan a kunnena yake sauka, har wanda ba a so in ji.

Mahaifina tsohon direba ne. Da ya ajiye aiki, abin da ya rage masa na alfahari shi ne tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya. Sai ga ta ta fara ɗigar da mai daga tukunyar aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, baƙin mai mai wari, yana ɓata masa simintin tsakar gida. Mijina ya canza sil, wato robar da ke tare man. Aka ɗan kwana biyu, ɗigo ya dawo. Ya sake canzawa, ya sake dawowa. A karo na uku ni da kaina na zaɓo sil mafi kyau a shagona, amma a banza.

Abokan aikin mijina kuwa suka samu abin yi. Suka laƙaba masa suna Sarkin Sil. Mai walda ma ya leƙo shagona yana washe baki, wai ko dai kayana ne jabu? Wannan duk da sauƙi. Wanda ya ƙona min rai shi ne ranar da Baba ya tsaya a tsakiyar gareji ya ce, “Yaron nan, in aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa min, in kai ta wani wuri.” Mijina ya sunkuyar da kai. Masu motoci biyu suna tsaye suna ji, kuma bakanike ba shi da jarin da ya wuce sunansa.

Washegari mijina bai taɓa sil ba. Ya shiga rami da fetur da burushi, ya wanke aksul ɗin tas, yana bin sa da yatsa. Can ya kira ni.

“Zo ki ga wani abu.”

A saman aksul akwai ɗan bututu kamar hanci. Ya ce in mai ya yi zafi, ta nan iska ke fita. In aka toshe, dole man ya nemi hanya ta sil. An cike bututun da gam mai launin toka, an shafe shi sumul. Kallo ɗaya na gane hannun. Da gam ɗin nan Baba ya liƙe bokitinmu, da butar Mama, da takalminsa. Ya ga danshi a wurin ne, ya yi masa irin maganinsa.

Na ce, “Wallahi sai ka faɗa musu! A gaban kowa!”

“In faɗa musu me? Baba ne fa.”

Na koma shago ina huci.

Da Baba ya zo karɓar mota, ’yan gareji suka matso, kowa da murmushinsa. Mijina ya goge hannu ya ce, “Baba, an gama. Hancin aksul ne ya toshe. Laifina ne, tun farko ya kamata in duba.”

Mai walda ya fashe da dariya. Baba bai yi ba. Ya dafa taya, ya durƙusa da ƙyar da gwiwoyin nan nasa masu ciwo, ya leƙa. Ya daɗe yana kallon bututun da aka kankare. Na san ya gane.

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya.

“Toshewa ya yi da kansa? Ni na toshe shi da hannuna. Na ɓata aiki, na zo na ci mutuncin mai gyara.” Ya juya ga mijina. “Ka yafe min, ɗana.”

Tun da aka ɗaura mana aure, “yaron nan” yake ce masa. Mijina ya rasa inda zai sa idonsa, sai juya sifana yake a hannu. Ni kuwa ina ƙofar shago, hawaye na zuba, kaina ya yi girma, na rasa da wanne a cikinsu zan fi yin taƙama.